Shiga jirgin ƙasa da keke a Jamus: an yarda, kuma ya dace da zirga-zirgar kullum?

Tambaya: Wani ɗan'uwa ya rubuto cewa ya sami gurbin karatun digiri na biyu a birnin Münster na Jamus, amma bai sami ɗaki a cikin birnin ba, sai a wani gari mai nisan kamar rabin awa a jirgin ƙasa. Yana so ya sayi keke ya riƙa hawa daga gida zuwa tasha, ya shiga jirgi da shi, idan ya sauka ya ƙarasa jami'a a kansa. Yana tambaya ko an yarda da haka, ko ana biya, kuma ko zai iya tafiya da keken zuwa Balin ko Holan a lokacin hutu.

Amsa: Malam, barka da wannan nasara, Allah ya sa a fara a sa'a a gama lafiya. Ana shiga jirgin ƙasa da keke a Jamus, kuma da idonka za ka ga ana yi kowace rana. Sai dai izinin yana rataye da sharaɗi guda wanda ya fi sauran ƙa'idojin nauyi, wato samun wuri a cikin tarago. Idan akwai wuri ka shiga, idan babu ka tsaya a tasha ka jira jirgi na gaba, ko da kuwa ka riga ka biya wa keken kuɗinsa. Saboda haka shawarata tun daga farko ita ce kada ka ɗora zuwanka aji na kullum a kan shiga jirgi da cikakken keke. Ka bar wannan ga tafiye-tafiyen ƙarshen mako da na hutu, inda kai ne mai zaɓen lokaci. Zan tsaya a kan dalilin sosai, domin wanda ya gane dalilin zai iya hasashen ƙa'idar kowace jiha tun kafin ya karanta ta.

Jiragen fasinja a Jamus kashi biyu ne, kuma kowane kashi da irin mu'amalarsa da keke. Akwai jiragen yanki, masu alamar RE da RB da S-Bahn, waɗanda ke tsayawa a garuruwa da yawa, kuma su ne za ka riƙa shiga safe da yamma. Akwai kuma jiragen dogon zango, masu alamar ICE da IC da EC, waɗanda ke haɗa manyan birane. A jirgin yanki, galibi ba a kama wa keke gurbi tun kafin tafiya. Wanda ya riga shiga shi ke da wuri. A jirgin dogon zango kuwa ba za ka shiga da keke ba sam sai ka sayi tikitinsa tare da gurbi mai lamba a wannan jirgin takamaimai. Yawancin baƙin da ke shiga matsala suna shiga ne saboda sun ɗauki ƙa'idar kashi ɗaya sun kai ta ɗaya kashin.

A tashar mota ta gida, idan ka zo da keke, yaran mota ɗaure shi za su yi a kan rufi ko a bayan mota, fasinjoji kuma su zauna a wurarensu ba tare da an rage musu komai ba. Jirgin Jamus ba shi da irin wannan wuri na waje, duk abin da zai yi tafiya sai ya shiga ɗakin da mutane suke. A da jirage suna jan taragon kaya na musamman, inda ma'aikaci ke karɓar akwatuna da kekuna, amma kamfanoni sun yi ta cire shi sannu a hankali, saboda kowane tarago da aka ja babu fasinja a ciki kuɗi ne ake kashewa ba tare da an sayar da kujera ba. Abin da ya maye gurbinsa a jiragen yanki shi ne wani fili a cikin taragon fasinja, mai kujeru masu naɗewa a jikin bango. Idan mutane sun zauna kujeru ne, idan an naɗe su sai wurin ya zama na kekuna da keken guragu da keken jarirai da manyan akwatuna. Keken babban mutum yana kai kusan mita 1.8 a tsawo, kansa kuma yana da faɗin kusan santimita 60, don haka keke ɗaya da aka jingina yana rufe kujeru uku ko huɗu. Da ƙarfe goma na safiyar Lahadi wannan ba ya damun kowa. Da ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Litinin, lokacin da ma'aikata da 'yan makaranta ke tsaye kafaɗa da kafaɗa har bakin ƙofa, wurin keke ɗaya wuri ne da mutane da dama za su tsaya.

Bayan wuri akwai lokaci, kuma wannan ne abin da fasinja bai cika lura da shi ba amma masu tsara zirga-zirgar jirage suka fi jin tsoro. A ƙaramar tasha tsayuwar jirgi ba ta cika wuce minti ɗaya ba. Idan masu keke biyar suka taru a ƙofa ɗaya, wasu na son fita wasu na son shiga, kuma keken mai fitar yana can ƙarƙashin kekuna uku, minti ɗayan sai ya zama uku. Layukan dogo na yammacin Jamus cike suke, jirgi na bin jirgi, don haka mintuna biyun da aka rasa a nan suna iya sa wani ya rasa jirgin da zai canja a tasha ta gaba. Wannan ya sa aka ba ma'aikacin jirgi ikon yanke hukunci nan take, kuma maganarsa ita ce ta ƙarshe. Idan ya ce keke ba zai shiga ba, gardama ba za ta canja komai ba. Haka kuma mai keken guragu da mai tura jariri suna gaba da kai a wannan fili, kuma a ganina wannan tsari daidai ne, domin kai kana iya barin kekenka a tasha, su kuwa ba su da wannan zaɓi. An ga iyakar abin ƙarara a watannin Yuni da Yuli da Agusta na 2022, lokacin da gwamnati ta fito da tikitin wata na Yuro 9: jiragen yanki suka cika maƙil, aka riƙa barin masu keke a tasha, har Deutsche Bahn, babban kamfanin jiragen ƙasa na Jamus, da kansa ya shawarci mutane su bar kekunansu a gida.

Ta fuskar doka, akwai dokar Tarayyar Turai mai lamba 2021/782 kan haƙƙin fasinjan jirgin ƙasa, wadda ta fara aiki ranar 7 ga Yuni 2023. Ta ce fasinja yana da damar shiga da kekensa, kamfani yana iya karɓar kuɗi a kai, kuma yana iya taƙaita damar saboda tsaro ko saboda yanayin aiki, musamman ƙarancin wuri a lokacin cunkoso. Ta kuma ɗora wa kamfanoni, daga Yunin 2025, cewa idan za su sayi sababbin jirage ko su yi wa tsofaffi babban gyara, su tanadi wurin kekuna, wanda a ƙa'idar asali bai gaza huɗu ba a kowane jirgi. Faransa ta wuce haka, ta sa takwas a nata tsarin. Ka dubi adadin da kyau: gurbi huɗu ko takwas a jirgin da ke ɗaukar ɗaruruwan mutane. Dokar ci gaba ce, kuma ƙungiyoyin masu keke irin su ADFC, wadda aka kafa a Bremen a 1979, sun daɗe suna neman irinta, amma ba ta yi wa kowane mai keke alkawarin wuri ba.

Batun kuɗi kuma ya danganta da jihar da kake. Jamus tana da jihohi 16, kuma jiragen yanki suna ƙarƙashin jihohi da hukumomin sufuri na yankuna, ba ƙarƙashin kamfani ɗaya ba. A jihohin Thüringen da Sachsen-Anhalt keke yana shiga jirgin yanki kyauta. A Baden-Württemberg kyauta ne a yawancin layuka in ban da ƙarfe 6 zuwa 9 na safe a ranakun aiki. A jiragen S-Bahn na Munik an hana shiga da keke gaba ɗaya a lokacin cunkoson safe na ranakun aiki. A Nordrhein-Westfalen, jihar da Münster take, keke yana buƙatar tikitinsa daban, na yini ko na wata. Ka lura da wannan da kyau, domin nan ne ɗalibai da yawa ke yin kuskure: tikitin wata na ƙasa baki ɗaya, Deutschlandticket, wanda ya fara a watan Mayu na 2023 a kan Yuro 49, ya koma 58 a Janairun 2025, sannan 63 a Janairun 2026, na mutum ne kaɗai, bai haɗa da keke ba. Tikitin ɗalibai da jami'o'i da yawa suka gina a kansa, wanda ake biyan kashi 60 cikin ɗari na farashin, shi ma haka yake. Shiga jirgi babu ingantaccen tikiti yana jawo tarar Yuro 60, kuma mai duba tikiti yana duba na keke kamar yadda yake duba naka. A jikin na'urar sayar da tikiti ko a manhajar DB Navigator, ka nemi kalmar Fahrrad, wato keke da Jamusanci, a ƙarƙashinta za ka sami tikitin keke.

To mene ne mafita ga mai zuwa aji kwana biyar a mako? Mafitar da mutanen wannan yanki suka daɗe da ganowa ita ce keke biyu. Ɗaya yana kai ka daga gida zuwa tashar garinku, ka ɗaure shi a can. Ɗayan yana kwana a tashar Münster, ka kwance shi da safe ka tafi jami'a, da yamma ka mayar da shi. Ba a yin wannan da sabon keke mai tsada. Tsohon keke mai birki biyu masu kamawa, da ƙararrawa, da farar fitila a gaba da ja a baya kamar yadda dokar hanya ta tanada, ya wadatar, kuma ana samun irinsa da araha daga ɗaliban da suka gama karatu. Idan ka lissafa tikitin keke na 'yan Yuro a kowace rana, kwana ashirin a wata, za ka ga cewa cikin 'yan watanni ya cinye kuɗin keke na biyu, kuma duk da haka bai tabbatar maka da wuri a jirgi ba. Münster gari ne da aka san shi a duk Jamus da kekuna, kuma a gaban babbar tasharsa akwai gidan ajiye kekuna na ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a 1999, mai ɗaukar fiye da 3,000, inda ake biyan kuɗin yini ko na wata ko na shekara, da masu gyara a ciki. Ina ba ka shawarar ka biya ka ajiye a irin wannan wuri, domin garin ya yi suna da satar keke kamar yadda ya yi suna da hawansa. Idan kuma a waje za ka bari, ka sayi kwaɗo mai kauri, ka ɗaure jikin keken da ƙarfen da aka kafa a ƙasa, kada ka ɗaure taya kaɗai.

Mafita ta biyu ita ce keke mai naɗewa. Idan aka naɗe shi, kamfanoni suna ɗaukarsa a matsayin kayan hannu: babu tikiti, babu kama gurbi, babu lokacin hani, kuma yana shiga har ICE. Sharaɗin shi ne ka naɗe shi tun kafin ka shiga, ya zauna a naɗe har ka sauka, kuma kada ya tare hanya. Mafi shahara shi ne Brompton, wanda Andrew Ritchie ya ƙirƙira a Landan a shekarun 1970. Yana naɗewa ya zama ƙarami har ya shige tsakanin bayan kujeru biyu, amma sabonsa ya haura Yuro 1,000. Akwai masu araha da taya mai inci 20, waɗanda suka fi girma da nauyi idan an naɗe. Kafin ka saya, ka naɗe shi da hannunka a shagon, ka ɗauke shi ka hau bene ɗaya da shi, domin abin da za ka riƙa yi ke nan sau huɗu a rana, da jakar littattafai a baya, wani lokaci cikin ruwan sama. Ga wanda ke da tafiya mai ɗan nisa a ɓangarorin biyu kuma ba ya son barin keke a waje, wannan ita ce hanya mafi kwanciyar hankali. Ga ɗalibin da ke lissafin kowane Yuro, keke biyu tsofaffi sun fi sauƙi.

Duk da haka ranar da za ka shiga da cikakken keke za ta zo, kuma yadda ake yin abin yana da muhimmanci. Ka isa tasha da wuri, aƙalla da minti goma, domin ba a hawa keke a cikin tasha ko a kan dandamalin da ake jiran jirgi, tura shi ake yi, kuma ba a hawa matakala mai tafiya da kanta da shi. Lif na iya zama a lalace ko da layin masu jarirai, sai ka ɗauki keken a kafaɗa ka hau bene. Idan jirgi ya shigo, ka nemi hoton keke da aka zana babba a jikin tarago kusa da ƙofa. Nan ne filin yake, sau da yawa a farkon jirgi ko a ƙarshensa. Ka sauke jakunkunan da ke rataye a kariya tun kana ƙasa, domin da su keken ba ya shiga ƙofa da sauƙi kuma ba ya jingina da na wani. Ka bari masu sauka su gama sauka. Tsayin dandamali a Jamus ba ɗaya ba ne, akwai mai santimita 38 da 55 da 76, wasu na S-Bahn kuma 96, don haka a wata tasha za ka tura keken kai tsaye, a wata kuma akwai tazara ko mataki da sai ka ɗaga tayar gaba tukuna sannan ka ja ta baya.

A ciki, ka jingina keken a jikin kujerun da aka naɗe, ka zagaya ɗamarar da ke bango ta cikin jikinsa ka maƙala. Idan ɗamarar ta lalace, igiyar roba mai ƙugiya da ka taho da ita za ta yi aiki, don haka kada ta rabu da jakarka. Kada ka dogara da ƙafar da keke ke tsayawa a kai, domin da jirgi ya taka birki ko ya sha kwana keken zai kife a kan ƙafar wani. Akwai wata al'ada mai kyau tsakanin masu keke: wanda ya shigo yana tambayar waɗanda ya tarar inda za su sauka, sai a sa keken mai nisa a jikin bango, na mai sauka kusa a waje. Ana kuma juya su, kan wannan wajen sirdin wancan, don feda kada ta shige cikin wayoyin tayar maƙwabci. Tambaya ɗaya ce, "ina za ka sauka?", kuma tana cikin jimlolin Jamusanci da ya kamata ka fara koya. Ka zauna inda kake ganin kekenka, ka tashi ka kwance shi tun kafin jirgi ya tsaya, kuma ka kula da sarƙa, domin baƙin man da ke jikinta ba ya fita daga wandon mutum da sauƙi. Idan ka tarar da mutane zaune a kujerun masu naɗewa alhali akwai kujeru a wani wuri, ka roƙe su cikin ladabi. Yawanci suna tashi.

Tafiya zuwa Balin ta faɗa kashi na biyu, wato na jiragen dogon zango. Jirgin ICE ya fara aiki a 1991, kuma fiye da shekara 25 kusan duk jiragensa ba su ɗaukar keke. Sai da samfurin ICE 4 ya shiga aikin yau da kullum a Disambar 2017 aka sami gurbin keke a kai a kai, kuma gurbin takwas ne a jirgin da mai tarago 12 daga cikinsa ke da kujeru 830. Jiragen IC ma suna da wurin keke. Tikitin keken ana sayensa tare da naka, kuɗinsa ya danganta da nisa, kuma a jikinsa akwai lambar tarago da lambar gurbi. A lokacin zafi, musamman ranakun Juma'a da Lahadi, waɗannan gurabe suna ƙarewa makonni kafin ranar tafiya, saboda haka ka fara neman gurbin keke, sannan ka zaɓi ranar tafiya gwargwadon abin da ka samu. A kan dandamali akwai allon da ke nuna inda kowane tarago zai tsaya, an raba wurin da haruffa A, B, C zuwa gaba. Ka tsaya daidai harafin taragonka, domin gudu da keke daga wannan ƙarshen dogon jirgi zuwa wancan cikin minti biyu wahala ce da haɗari. Wasu gurabe na rataye ne, sai ka ɗaga keken tsaye ka sa tayar gaba a ƙugiya, kuma ɗaga shi aikinka ne, ba na ma'aikaci ba. Akwai kuma wata hanya ga wanda bai sami gurbi ba: keken da aka kwance tayoyinsa aka sa shi gaba ɗaya cikin jaka ana ɗaukarsa a matsayin kaya, muddin zai shiga wurin ajiye kaya bai tare hanya ba. A Japan kusan wannan ce kaɗai hanyar da aka yarda da ita a jiragen yau da kullum.

Holan kuwa tana kusa da kai, akwai jirgin yanki da ke tashi daga Münster kai tsaye zuwa Enschede. Daga nan idan ka canja zuwa jiragen NS, kamfanin jiragen ƙasa na Holan, ƙa'idarsu ce ke aiki, kuma a bayyane take: a ranakun aiki ba a shiga da cikakken keke daga ƙarfe 6:30 zuwa 9:00 na safe da kuma daga 4:00 zuwa 6:30 na yamma, a ƙarshen mako da watannin Yuli da Agusta babu wannan hani, keke yana da tikitinsa na yini, mai naɗewa kuma kyauta ne a kowane lokaci. Abin lura shi ne ƙasar da kekunanta suka fi mutanenta yawa ita ma tana tsaurara wa keke a cikin jirgi lokacin cunkoso. Kaso mai yawa na fasinjojinta a kan keke suke zuwa tasha, kuma da kowa zai shiga da nasa, da jirgi bai ɗauki rabin mutanen ba. Sai suka zuba kuɗin a ƙasa: gidan ajiye kekuna na tashar Utrecht, wanda aka kammala a 2019, yana ɗaukar 12,500, kuma awa 24 na farko kyauta ne. A ɗaya ɓangaren tafiyar kuma akwai kekunan haya masu launin rawaya da shuɗi, OV-fiets, da aka fara a 2003, waɗanda fasinja ke ɗauka a tashar da ya sauka ya dawo da su idan ya gama. Hayarsu tana buƙatar katin sufuri na ƙasar mai ɗauke da sunan mutum, don haka baƙon kwana ɗaya ya fi sauƙin zuwa shagon hayar keke. Birnin Kopenhagen na ƙasar Denmark ya bi wata hanya daban, tun 2010 keke ke shiga jiragen cikin birni kyauta, amma sai da aka cire kujeru da yawa aka faɗaɗa filin kekuna kafin abin ya zauna, kuma ko a can an hana shiga ko fita da keke a tashar Nørreport lokacin cunkoso.

Idan kana tunanin keke mai batir, wanda injinsa ke taimaka wa feda har zuwa gudun kilomita 25 a awa ana lissafa shi a matsayin keke, kuma yana shiga jirgi da irin tikitin da aka ambata. Mai kai wa kilomita 45, wanda ake maƙala wa lambar inshora, ba a ɗaukarsa. Batir yana zama a jikin keken, kuma ba a cajinsa a cikin jirgi, saboda wutar batir idan ta tashi a rufaffen tarago kashe ta yana da wuya ƙwarai. Wannan tsoron ne ya sa hukumar sufuri ta Landan ta hana kekunan batir marasa naɗewa shiga yawancin jiragenta daga 31 ga Maris 2025. Ka kuma tuna da nauyi: irin wannan keke yana kai kilo 25, keken gargajiya kuma kusan 15, kuma bambancin a kan bene ake jin sa. Manyan kekunan ɗaukar kaya, masu akwati a gaba, ba sa shiga jiragen dogon zango.

Sauran abu biyu da suka fi lalata wa masu keke tafiya. Na farko canjin jirgi ne. Gurbin kekenka yana ɗaure da jirgi ɗaya, don haka idan jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, kai kana iya shiga na gaba, amma keken sai an sake samo masa gurbi, kuma ma'aikatan ofishin tasha ne za su duba maka. Saboda haka ka zaɓi hanya mai ƙarancin canji, kuma ka ba kowane canji aƙalla minti ashirin. Manhajar DB Navigator tana ba ka damar ƙara tsawon lokacin canji da kuma zaɓar jiragen da ke ɗaukar keke kaɗai. Na biyu gyaran layin dogo ne, wanda ya yawaita a Jamus a waɗannan shekaru. Idan aka rufe wani sashe na layi, ana sa motocin bas su ɗebi fasinjoji tsakanin tashoshin biyu, ana rubuta SEV a jadawali, kuma waɗannan motoci yawanci ba sa ɗaukar cikakken keke. Ka duba hanyar a daren da za ka tafi da kuma safiyar ranar. Idan ka ga waɗannan haruffa uku a kan hanyarka, ka nemi wata hanyar da ta zagaye sashen, ko ka auna nisan tashoshin biyu ka gani ko za ka iya cinye shi a kan keken ka tari jirgin da ke ɗaya gefen.